Jar Wayar da Na Ƙara

Ko da zan so, ba zan taɓa mantawa da ranar jarabawar ƙarin girma ta malaman firamare ba. A lokacin ni ne mai kula da kwamfutoci a wata cibiyar jarabawa a Rano, dawowata ke nan daga kwas a Kano, ko masallaci za ni da jakar kayan aiki a kafaɗa. (Injiniya ake ce min. Ni na fara kiran kaina haka, mutane suka ɗauka.)

Cikin masu jarabawar har da Malam Sule na Lausu, wanda ya koyar da ni a aji uku. Ritaya ta ƙarato masa, wannan ce damarsa ta ƙarshe ta hawa mataki kafin ya ajiye alli. Duk Asabar yakan hawo babur in koya masa riƙe maus ɗin kwamfuta. Da safen nan kuwa ina ji yana faɗa wa abokansa, "Ku kwantar da hankalinku, yarona ne a kan injin."

Ɗakuna biyu gare mu, kowanne da suwic ɗinsa, wato akwatin da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa, waya ɗaya ce kuma ta haɗa su biyun. Na gwada komai, lafiya lau. Sai shaiɗan ya raɗa min: in wayar nan ɗaya ta tsinke fa? Wane direba ne zai kama hanyar Kano ba safaya? Na ɗauko sabuwar waya, ja, na ƙara tsakanin suwic ɗin biyu, na tafi zaunar da Malam.

Kafin a shigar da sunaye komai ya daskare. Fitilun suwic suka haukace da ƙiftawa. Na ɗora wa janareta laifi, na koma kan ɓeraye, na kira kamfanin netwok na zazzage musu rashin mutunci a gaban jama'a. Har silin na hau, na sauko da yanar gizo a gemu. Rana ta take, dattawa na ta fifita da huluna.

Jami'ar da ta zo sa ido daga Kano, wata Hajiya mai tabarau, ta gaji da kallona ta leƙa bayan akwatin.

"Malam, wannan jar wayar ta mece ce?"

"Safaya ce, Hajiya," na ce, har da gyara tsayuwa. "Da hannuna na sa ta ɗazu."

Ta zare ta. Shi ke nan. Kwamfutoci suka farfaɗo ɗaya bayan ɗaya.

"Irin wannan suwic ɗin ba ya iya rufe hanya ɗaya ya bar ɗaya," in ji ta, ba ta ko rage murya ba. "Saƙo ya fita ta nan, ya dawo ta can, ya yi ta zagaye yana ninkuwa har hanya ta cushe. Ba a koya muku ba?"

An koya mana. (Ranar ina can baya ina kallon ƙwallo a waya.) Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Amma lokacin rukunin safe, wanda Malam Sule ke ciki, ya riga ya wuce, an rufe shafin jarabawar daga can hedikwata. Aka ce sai zagaye na gaba, zagayen kuwa bai zo ba sai bayan Malam Sule ya yi ritaya a matakin da yake.

Da zai tafi na bi shi wajen babur. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ba komai, ɗana. Ai alheri ka nufa." Wallahi da ya mare ni da na fi samun sauƙi.

Tun daga ranar, in wata dabara mai kyau ta zo min da safiyar babbar rana, sai in zuba hannuwana a aljihu har ta wuce.