Rasuwar Baiwa, Motar da Aka Raba Gadonta Gida Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da kuka ya kumbura, Malam Zayyanu Maiwada na unguwar Badariya, Birnin Kebbi, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa Baiwa, Fijo 404 a-kori-kura, shuɗiya, haifaffiyar 1977. Ta cika ranar Talata da hantsi a harabar ofishin rajistar motoci, bayan doguwar jinya, lokacin da aka yanke mata hukuncin ƙarshe, injinta na aiki lafiya lau.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta san gajiya ba. Shekara da shekaru tana ɗauko bandar kifi daga Argungu, ta biya Ambursa ta ƙara buhunan shinkafa, ba ta taɓa cewa kaya sun yi yawa ba. Da safe takan yi tari uku, kir, kir, kir, sannan ta ce butututu, duk unguwa ta san Zayyanu zai fita nema. Hon ɗinta kuwa, fiii, kamar akuya mai mura, amma ko shanun Fulani sun san shi, suna ba ta hanya.

Ciwon ajalinta tsoho ne, ya girmi gemun Zayyanu. Lokacin da kakansa ya rasu ya bar mota ɗaya da 'ya'ya biyu masu taurin kai, Alhaji Maiwada mahaifin Zayyanu da ƙaninsa Tamba. Dattawa suka ce a sayar a raba, kowa ya ce sai bayan ransa. Aka kira mai walda. Maiwada ya ɗauki bodi da inji da takardu, Tamba ya ɗauki casis, wato ƙarfen ƙasa da mota ke zaune a kai, ya tafi da shi Argungu ya mayar da shi amalanken shanu. Maiwada ya samo casis ɗin wata motar da ta yi haɗari a Jega, ya ɗora Baiwa a kai. Daga ranar 'yan uwan nan ko gaisuwa.

Shekara talatin ba wanda ya leƙa ƙarƙashinta. Sai bana da Zayyanu ya je a ba shi sabuwar lamba, wani ma'aikaci mai ƙwazon tsiya ya shimfiɗa kwali, ya kwanta da tocila da buroshi. Lambar takarda ta ƙare da 418, ta ƙarfe ta ƙare da 093. Nan take aka ce kada ta sake taka titi.

Jinya kam, Allah ya sani, an yi ta. Sau bakwai Zayyanu yana zuwa ofishin. Ya yi takardar rantsuwa a kotu, ya kai hoton mahaifinsa jingine da motar, ya kai limamin unguwa shaida. Aka ce masa na'urar ofis ba ta san hoto ba, ko ya kawo takardun casis ɗin Jega, ko ya kawo casis ɗin da ke cikin takarda. A Jega, wurin da aka sayi ƙarfen ya zama shagon sayar da katifu.

Ya rage saura Baffa Tamba. Sau uku Zayyanu ya hau motar haya zuwa Argungu, shi da bai taɓa biyan kuɗin mota ba. Ya sa an ƙera sabon amalanke, tayoyi sababbi fil, don a yi musaya. Baffa ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya sa aka dama masa fura, aka yi hirar damina, ga tsohon amalanken nan a ƙofar gida, lamba 418 na kallonsa ta ƙarƙashin kashin shanu. Da aka zo kan magana, tsohon ya nuna cewa ba shi da matsala da yaro, amma wanda ya ɗauki takardu shi zai zo da bakinsa ya roƙa. Alhaji Maiwada kuwa shekararsa shida a ƙasa, Allah ya jiƙansa. Baffa ya sani, don ya je jana'izar, ya tsaya daga nesa.

Marigayiyar ta bar Zayyanu, wanda ba ya da wata sana'a sai ita, da matarsa Ɗayyaba da 'ya'ya shida masu cin tuwo kullum. Ta bar Hajiya Kulsumi mai bandar kifi, wadda ta riga ta koma wa wani direba tun kafin a yi uku. Ta bar jak guda, da tayar safaya mai faci tara, da bakanikenta Hodi, wanda gawar ke kwance a garejinsa, kuma mai filin ya ce a kwashe komai kafin Lahadi.

Saboda haka za a yi jana'iza ranar Asabar bayan sallar azahar a garejin Hodi. 'Yan gwangwan ne za su yi mata sutura, sun ce za su zo da gudumarsu da sikeli. Ba a buƙatar goro ko shinkafar sadaka. Abin da Zayyanu ke roƙo, don girman Allah, duk mai shiga Argungu kafin ranar ya biya ta gidan Baffa Tamba, ya faɗa masa yayansa ba zai iya zuwa ba, ɗansa ne ke durƙushe a madadinsa.

Masu ta'aziyya za su sami Zayyanu a bakin garejin tun da safe, yana fuskantar hanyar Argungu. Idan an gaishe shi bai juyo ba a yi masa uzuri, shanu ba sa sauri.