Sanarwar Arba'in ɗin Raki

"…ya gajiyar hanya? Ko Manchester ce ta gaji da ke ta koro ki?"

"Lafiya lau, bawana. Ina takardun?"

Saudatu ko zama ba ta yi ba. Tun daga unguwar Longsight ta Manchester ta hawo coach, doguwar motar safa, zuwa Sparkbrook, shagon buga takardu na Falalu, ɗan gwaggonta kuma taubashinta, don ta karɓi sanarwar addu'ar arba'in ɗin Raki, aminiyarta ta shekara ashirin. Gobe Juma'a za a raba a ƙofar masallaci. Tana ganin takardar ranta ya ɓaci. Ga sunan Raki da wasu haruffa masu kama da rubutun hannu, wannan ya karkace, wancan ya yi tsalle.

"Falalu, mene ne wannan? Kaza ce ta taka tawada?"

"Font ne, salon haruffa, baƙauya. Ko daga saman bus kina karanta shi."

"Na san shi. Shi ake liƙawa a tagar masu chicken and chips. Addu'ar mamaciya na ce maka, ba birthday ba."

"Yaushe kika san rubutu, ke da sa hannunki kamar sawun tsutsa?"

"Laifina ne da na bi kyauta. Araha ba ta ado."

"Kyautar ma don Raki ce. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko."

"Ni ce ƙadangaren?"

"Ga ki nan kina gyaɗa kai."

"Canza shi, Falalu." Ta ajiye takardar a kan tebur. "Sa miƙaƙƙu, na mutunci. Wannan kaɗai ya rage in yi mata."

"Irin na wasiƙar council, hukumar gari?"

Ya nuna mata kujerar da ke gaban teburinsa.

"Nan Raki ta zauna ta nuna min ita, wadda suka ce sun rufe library ɗinsu, ɗakin karatun nan, bayan shekara goma sha ɗaya tana aiki. Haruffa tsaye ƙyam kamar sojoji, ko ɗaya bai sunkuyar da kai ba. Da irinsu aka ɗage mata ranar ganin likita har sau uku. Ba zan sa wa sunan Raki kakinsu ba. In kin matsu, ga shaguna nan cike da Stratford Road."

Saudatu ta sake duban takardar. Sai ta ga Raki tsaye gaban allon sashen yara na library, alli a hannu, tana rubuta ranar tatsuniya, layin yana gangarawa kamar zai zube ƙasa. Ta share ido da gefen mayafi.

"Rubutunta ya fi wannan muni."

"Wallahi. Kwana biyu ina neman mai munin nata, ban samu ba."

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na bin ta. Ta zaro ƙullin dambun naman da ta kawo wa gwaggo, ta dangwara masa a kan tebur.

"Ungo, Allah wadaran bawa mai gaskiya. Ƙaro min guda hamsin."