Jawabin Alhaji Anjuma

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa ba da ranar rabon kyaututtuka a makarantar da na koyar a Dutsin-Ma, can ƙarshen shekarun tamanin. Wani ɗan kasuwa daga Kurfi, Alhaji Ɗanjuma, ya ba makarantar kyautar kwamfuta sabuwa dal, har da na'urar bugawa. Duk cikin malaman ni kaɗai na taɓa zama gaban irinta, don na yi kwas na sati shida a Zariya (rabinsa ma leƙe na yi ta kafaɗar wani). Amma da shugaban makaranta ya tambayi wanda ya iya, kafin ya rufe baki na miƙe.

Murna kamar in tashi sama. Daga Zariya na taho da wata tsohuwar manhajar tsara rubutu a kan manyan faifai guda uku, na naɗe su cikin ɗankwalin matata shekara biyu. Abin da nake taƙama da shi, tana fitar da haruffanmu masu ƙugiya. Na yi alkawarin da ita zan tsara takardar shirin biki.

Na zura faifan farko, kwamfuta ta yi gurnani ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Kwana biyu ina fama, ina canza wancan ina goge wannan, rabi da sani rabi da addu'a. Rana ta uku da hantsi sai ga manhaja ta buɗe. Na danna, ƙ ta fito a allo da ƙugiyarta tsaf. Na yi kabbara har malamin ajin kusa ya leƙo.

Madam Rifkatu, mai buga mana tafireta tun kafin in zo makarantar, ta ce, "Malam, in ka gama kawo in duba maka."

Na ce, "Madam, kwamfuta ba ta kuskure. Ki huta."

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Na buga a kan sitansil, takardar nan da ake ɗaura wa injin kwafi, na juya injin da hannuna, na raba takardu a kan kujeru. Ban karanta ko layi ɗaya ba. Me zan karanta, alhali na gani a allo?

Ashe sabuwar na'urar bugawa ba ta san haruffan tsohuwar manhaja ba. Duk inda ta ci karo da mai ƙugiya sai ta tsallake shi.

Ranar biki fili ya cika, iyaye har daga Dabawa. Na sha babbar riga na zauna kusa da manya, ina gyara hula. Malam Sada mai gabatarwa, wanda bai wuce wata guda da zuwa makarantar ba, ya ɗaga takarda ya ce, "Muna maraba da manyan bai..." Ya tsaya, ya goge tabarau. "Da wakilin aramar hukuma."

Aka fara ƙus-ƙus. Ni kuwa har lokacin ina jin haushinsa, wai bai iya karatu ba.

Sai ya zo kan layin babban baƙo. Ya karanta da ƙarfi, "Jawabin Alhaji, anjuma." Ya waiwaya ya ce, "To Alhaji, an ce naka sai an jima. Yanzu sai wasan kwaikwayo."

Alhaji Ɗanjuma ya riga ya miƙe da takardarsa a hannu. Ya tsaya, ya dubi jama'a, ya koma ya zauna a hankali. Fili ya ɓarke da dariya. Sai a lokacin na duba takardar da ke cinyata. Wallahi na ji hular kaina ta yi nauyi.

Shugaba ya raɗa wa Malam Sada, aka gyara. Da Alhaji ya karɓi lasifika sai ya ce, "Na ba ku kwamfuta, ta cinye mini rabin suna. Wa ya yi aikin nan?"

Yatsu suka nuno ni ta ko'ina. Na miƙe ina zufa.

Ya ce, "Malam, an gode da ƙoƙari. Ko in ce oari?"

Har na bar Dutsin-Ma, ɗalibai Malam Oari suke ce mini. Tun daga ranar, ko wasiƙa na rubuta wa ƙanena sai na nemi wanda zai karanta mini ita da ƙarfi kafin in liƙe ambulan.