Ragon Hamsatu da Taransifomar Unguwarmu

"To ragon nawa shi ka da laihi ke nan?"

Hamsatu maƙwabciyata ce ta jefa wa babban baƙonmu wannan tambaya ranar Talata, a ɗakin taron unguwarmu nan Jega, mayafinta ɗaure a ƙugu. Ni kuwa ina kusa da ƙofa, inda magana ba ta wuce ni. Baƙon ba zan faɗi sunansa ba. Mu dai Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle muke ce masa, don bara shi ya zo da almakashi da maroƙa ya buɗe mana taransifomar nan, har aka ce mu yi guɗa.

Bari in koma baya kaɗan, jama'a. Taransifomar tana bakin lungun da muke bi zuwa injin niƙa da famfo, kuma lungun ɗaya ne tal. Tun da damina ta sauka, duk wadda ta taka kududdufin gindinta sai ta ji zirrr har cikin haƙori. Ran Lahadi da hantsi ragon Hamsatu, wanda ta yi wata tara tana ba shi dusa da harawa, ya tsinke igiya ya je shan ruwa. Nan ya faɗi yana shure-shure. Sagir mahauci ya sheƙo da wuƙa don ya yanka shi kafin rai ya fita, amma ya ƙame taku biyar nesa, ƙasa na cizon sa ta tafin ƙafa. Muna kallo rago ya zama mushe. Ko ƙafa ɗaya ba a ci ba.

Shi ya sa aka kira taro. Isiyaku mai gyaran wuta ya miƙe da ladabi.

"Ranka shi daɗe, wuta ce ka yoyo cikin ƙasa. Yoyon bai kai shi ƙona fis ba, don haka fis bai san abin da ka hwaruwa ba. Akwai wata 'yar na'ura, rile, ita ka jin wuta ta ɓata hanya ta shiga ƙasa, nan take ta katse. Tun ranar da anka kahwa taransihomar ga nac ce babu ita."

Ni da ajina uku na yaƙi da jahilci na gane. Mai Girma kuwa, da yake iliminsa ya yi nisa, ya wuce wurin. Ya gyara babbar riga ya ce bincike ya nuna ragon ba a ɗaure yake ba, alhali kowa ya san da damina ana ɗaure bisashe. Wato marigayi shi ya jawo wa kansa.

Kada ku ce bai zo mana da alheri ba. Ya yi alkawarin sabon fenti. Ya yi alkawarin allo mai jan rubutu, HATSARI, da Hausa da Turanci. Na raɗa wa Ummukulsum da ke zaune gefena cewa awakin unguwarmu za su ji daɗi, musamman waɗanda suka yi boko. Ta tsunkule ni.

Isiyaku ya sake cewa, "Rile ɗin hwa, ranka shi daɗe?"

"Za a duba," in ji shi. Ina jin labari wajen matar direbansa cewa a Aliero ma ana dubawa tun shekarar da albasa ta ruɓe, a Maiyama kuwa har mai dubawar ya yi ritaya.

Hamsatu ta ce, "Na ji, rago a ɗaure shi. Mu da ka bin wurin da tasar niƙa bisa kai, mu ma turke za a yi muna?"

Nan fa hikima ta sauko. Mai Girma ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, roba ba ta ɗaukar wuta. Kowace mace ta riƙa sa silifas."

Wasu maza biyu a gaba suka fara tafi. Allah Ya ƙara basira! Shekara sittin da wani abu ina taka silifas ban san injiniya nake sawa a ƙafa ba.

Hadari ya haɗo, yayyafi ya fara buga kwano. Hamsatu ta duƙa ta cire silifas ɗinta, masu ɗinkin zare a hanci, ta ajiye su a kan teburinsa, kusa da ruwan gorarsa.

"Bismilla, ranka shi daɗe. Sa mu tai, ka taka wurin sau guda mu gani. In ka hito lahiya, na yahe rago."

Mai Girma ya dubi silifas, ya dubi taga, ya dubi agogo. Ya ce ai ya ga wurin a hoto, kuma ana jiran sa a wani buɗe famfo.

"Riƙe su," in ji Hamsatu. "Can ma ƙila akwai ruwa."

Ta juya ƙafa ba takalmi, ta zo ta gabana. Ni dai na janye gwiwata da sauri, don na san hannunta, ita ka daka gero ta kai ƙarshe ba ta huta ba. Ta fice ta maka ƙofar langa-langan nan, garam, har Mai Girma ya zabura daga kujera kamar shi wutar ta kama.