Yadda Za Ka Ƙara wa Jitar Bes Kauri Har Umma Ta Ji Ka

Ɗan'uwa mai kaɗa jitar bes, mai zurfin muryar nan da ke tafe a ƙarƙashin kiɗa, share hawayenka, ka zo inda ake magani. Na sauya wa jitoci fikof ba adadi, wasunsu ma har yau suna aiki. Fikof, ga wanda ya shigo nan bisa kuskure, shi ne ɗan akwatin maganaɗisun da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi, yana ɗaukar motsinsu yana miƙa wa amfilifaya, na'urar ƙara sauti. In ka bi matakan nan bi da bi, na yi maka alkawari sautinka zai yi kauri, kuma mahaifiyarka za ta yarda cewa aiki kake yi a ƙungiyar nan. Na biyun ne ya kawo ka, ba sai ka faɗa ba.

1. Ka fara sanin ciwonka

Umma tana da bidiyon wasanku a wayarta, kuma duk wanda ya shigo gidan, ko aron ashana ya zo, sai ya kalla. Ran nan ta kunna wa maƙwabciyarta, Maman Kanari, wato uwar mawaƙinku. Matar ta saurara da kyau, ta ce tana jin ɗanta, tana jin mai fiyano, mai ganguna ma ba ya ɓuya. Sannan ta tambaya, cikin ladabi mai ciwo, ko kai riƙon jitar aka ba ka kafin mai ita ya dawo.

Umma ta yi dariya a gabanta. Da baƙuwar ta tafi sai ta shiga ɗaki, ta kara wayar a kunnen dama, ta mayar hagu, sannan ta kira ka.

"Ɗan nan, faɗa mini gaskiya, ba zan gaya wa kowa ba. Taka an jona ta kuwa?"

Tun daga ranar ba ta sake nuna wa kowa bidiyon ba. Abin ya ci maka rai, kuma ya kamata ya ci.

2. Ka ɗora wa fikof laifi

Za ka haɗu da masu cewa ka murɗa maɓallin sauti, ko ka ɗaga tsohon fikof ɗin ya matso kusa da tsirkiya, ko ka riƙa kaɗawa ta wajen wuyan jita. Duk waɗannan suna ƙara kauri, amma kyauta ne, kuma araha ba ta ado. Masu cewa ka ƙara rihazal kuwa, wato atisayen kiɗa, maƙiya ne. Yatsunka ba su da laifi, fikof ne, shi da ba ya da bakin kare kansa.

3. Ka je shago da fuskar masani

Mai kayan kiɗa zai baje maka iri-iri a kan kanta. Akwai siriri mai naɗin zaren tagulla ɗaya a cikinsa, muryarsa tas amma yana zuwa da zuzun lantarki. Akwai ƙato mai naɗi biyu, wanda ke kashe zuzu ya ba da sauti mai tsoka. Akwai kuma mai cin batir, wanda ba ya mutuwa sai ana tsakiyar waƙa.

Kada ka nemi a jona maka ko ɗaya ka ji. Masani da hannu yake saurare. Ɗauki kowanne ka jinjina shi a tafi, ka lumshe ido, ka ce wannan ba shi da ƙugu. Kalmar ba ta nufin komai, shi ya sa ba wanda zai yi maka musu. Wanda ya fi nauyi shi ne naka.

In ya tambaye ka ko ka auna ramin da tsohon yake zaune, ka ce ka auna da ido.

4. Ka kira Yaya

A gida za ka tarar sabon ya fi ramin faɗi. Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, amma kai ka gwada, har ka danna da gwiwa. Daga nan ka kira yayanka kafinta. Zai kwantar da jitar a kan teburin cin abinci, ya ce katako duk katako ne, shi da ya yi wa mutane ƙofofi ba jita ce za ta gagare shi ba. Ka fita tsakar gida lokacin da zai ɗaga guduma a kan cizal ɗinsa na sassaƙa, ba kowane abu ido ke iya ɗauka ba.

Yanzu ramin ya fi fikof ɗin. Ka cusa soso a gefe, ka rufe sauran da sitika.

5. Ka yi haɗin da kanka

'Yan wayoyin lantarki ne kawai za a liƙa da dalma, ba sai an kai wa mai gyara ba. Ari ƙarfen liƙi, ɗiga dalma kaɗan, hura da baki. Ka ja wayar a hankali, in ba ta fita ba ta kama. Kada ka ja da ƙarfi, wannan neman magana ne.

6. Ka gwada

Jona, ka taɓa tsirkiya mafi kauri. Gilashin taga zai amsa, cokula za su yi ta ƙara a cikin kwando, agogon bango zai karkace. Alkawarina na farko ya cika. A rihazal ka sa a ɗauki sabon bidiyo, ka kawo wa Umma da hannu biyu, ka zauna a gefenta kana kallon fuskarta.

Za ta kalla har ƙarshe, ta ce rigar ta yi maka kyau.

Ga abin da ya faru. Lasifikar waya ba ta fi farce ba, kuma ba ta iya ɗaukar sauti mai zurfi. Tsohon fikof ɗinka, da yake siriri ne, yakan saki ɗan ƙyas-ƙyas da ke leƙowa jefi-jefi. Sabon ya haɗiye wannan ma. Garin neman gira an rasa ido. Da na gaya maka tun farko, da ba ka karanta har nan ba.

7. Ka kai ta wurin wasa

Tunda waya ta ƙi, sai a kai kunne inda sautin yake. Ranar wasanku na yamma a zauren taro, ka sama mata kujera a gaba. Maman Kanari za ta zauna kusa da ita ba tare da an gayyace ta ba. Umma za ta ɗaga waya tana ɗauka, ta ji kujera na rawa a ƙarƙashinta, ta juya da murna. Maƙwabciyar za ta ce mata ai ƙarfin ganguna ne.

Kada ka karaya, ci gaba da kaɗawa. Jijjigar nan da ka saya tana aiki a kan dalmar da ka ɗiga. Ana tsakiyar waƙar da kowa ya tashi yana takawa, wayar lantarkin da ka liƙa a cikin jitar za ta saki.

Abin da zai biyo baya ba ka taɓa ganinsa ba. Waƙar za ta zama kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya. Masu rawa za su tsaya da ƙafa ɗaya a sama, suna duban juna. Mai ganguna zai rasa inda zai sa ƙafarsa, mai fiyano ya yi ta lalube. Kanari zai ja baiti ɗaya shi kaɗai, ya ji muryarsa tsirara, ya juyo gare ka, ya manta makirufo na bakinsa.

"Don Allah ka dawo, ba za mu iya ba in ba kai."

Zauren gaba ɗaya zai juyo ya dube ka, kana durƙushe kana jijjiga igiyar jita, gumi na ɗiga daga haɓarka. Za ka so ƙasa ta tsage ka shige. Daure.

8. Kada ka roƙi a goge

Ba za ta goge ba. Kafin ka gama naɗe igiyoyi ta sa an yanke mata bidiyon, an zubar da duk inda kake kaɗawa, an bar wurin da ka tsaya kawai. Washegari da hantsi za ta yafa mayafi ta shiga gidan Maman Kanari, ta gaishe ta a tsanake, ta tambayi lafiyar muryar yaro, sannan ta ƙure sautin waya.

"Ku saurara da kyau," za ta ce wa duk matan da ke wurin, "nan ne ɗana zai yi shiru."

Da ta dawo za ta same ka a kan teburin nan, jita a buɗe, kana neman wayar lantarkin da ta ɓalle. Za ta tsaya a kanka jim kaɗan, ta ɗora hannu a kafaɗarka.

"Ashe duk shekarun nan kai kake ɗauke da su, ni ban sani ba."

Kada ka ɗago, ka ce hayaƙin dalma ne ya shiga idonka.

Togaciya

Mai wannan rubutu ba ruwansa da ramin da ke jikin jitarka, ko abin da shugaban ƙungiya zai faɗa maka a bayan zaure, ko gaisuwar da ta yi sanyi tsakanin gidaje biyu. Shawara ya bayar, ba shi ya riƙe guduma ba. Haka kuma in Umma ta tambaye ka a wace waƙa za ka tsaya a wasa na gaba, don ta gayyato ƙannenta su zo a kan lokaci, wannan tsakaninka da ita ne.