Fitilar Kalkuletar Hafsat

Digirina biyu a fannin injiniyancin lantarki, na uku nake nema a nan Kuala Lumpur. A riƙe wannan tukuna.

Safiyar jarrabawar lissafin 'yata Hafsat, tana wanka, na ga kalkuletarta mai zana giraf ɗin lissafi a kan tebur, wata 'yar koriyar fitila tana ta ƙiftawa. Nan take na gano cutar: batir ne ke zuba ta fitilar nan, zai mutu mata a tsakiyar jarrabawa. Na ɗauko sukudireba.

Mamanta ta leƙo daga kicin. "Abban Hafsat, ka bari ta fito mana."

Na ce, "Ke dai ji da ƙosanki, wannan fannina ne."

Na kwance, na ɓalle fitilar, na ɗaure tsaf. Ban ma gaya wa yarinyar ba, don ba na son yawan godiya.

Ashe malaminsu ne ya kulle kalkuletocin, fitilar kuma ita ce shaidar ba a ɓoye amsa a ciki ba. Wadda ba ta ƙiftawa ba ta shiga aji. A bakin ƙofa aka karɓe ta Hafsat, ana mata kallon mai satar amsa, aka ara mata wata da ba ta saba da ita ba. Sai da na je makarantar na rantse aikina ne.

Ta ci jarrabawar da ƙyar. Amma har yau, in muka zo danja a unguwar Cheras koren ya fara ƙiftawa, sai Hafsat ta riƙe hannuna, har da "lah" ɗin da 'yan garin nan ke rufe magana da shi: "Abba, don Allah, bar musu wannan lah."