Motar Injiniya Nasidi Mai Ƙafa Uku

Duk Bahaushen da ya zauna a Doha bai san Injiniya Nasidi ba, to sakacinsa ne, domin shi Injiniya ya yi iya ƙoƙarinsa. Babban ma'aikaci ne a wani kamfanin gas, mai faɗin ilimi, wanda ko gaishe shi ka yi sai ya gyara maka gaisuwar. Sau ɗaya ya taɓa zuwa kwas Ingila, tun daga nan ba ya cewa Turawa, sai dai "mutanenmu na can".

Lokacin kullen korona, wasu na koyon girki, wasu na tilawa, shi kuwa ya duƙufa kallon gwanjon tsofaffin motoci a waya. Ana buɗe gari sai ga ƙaton akwati a ƙofar gidansa na Bin Omran. A ciki wata motar tsere ce ta Ingila da ta girmi mahaifinsa: taya biyu a gaba, ɗaya a baya, inji a waje kamar haƙoran da leɓe ya kasa rufewa. Ba rufi, ba ƙofa. Matarsa Barira ta zagaya ta tsaf, ta tambaya ko ragowar na cikin wani akwatin.

"Barira, wannan tarihi ce," in ji shi. "Masu taya huɗu ai tsoro ne ya sa suka ƙara ta huɗun."

Gaskiya motar tana da hali. In ta tashi, sai ka rantse injin niƙa aka kunna a unguwar. Direba yana zaune dab da kwalta, har ya iya miƙa hannu ya tsinci tsakuwa. Duk tudun da tayoyin gaba suka kauce wa, ta bayan ce za ta hau shi, ta isar da saƙon kai tsaye ga ƙugun Injiniya. A kwana kuwa tana da zafin nama kamar akuyar da ta tsinke igiya. Giyar baya babu. Injiniya ya bayyana cewa abu mai daraja ba ya ja da baya, don haka kullum shi yake fitowa ya tura ta, sanye da hular fata da tabaran matuƙa jirgi. 'Yan uwa direbobi da masu gadi suka laƙaba masa Kyaftin, ya karɓa da godiya.

Mutum ɗaya ne a duniya bai taɓa yaba masa ba: surukinsa Alhaji Lado na Gusau, mai motocin haya, wanda har gobe yake kiransa "yaron nan na Barira". Da Alhaji ya zo kallon gasar cin kofin duniya, Injiniya ya ƙudura cewa ranar gyara wannan suna ta zo. Ya hana a ɗauko shi da babbar motar gida, ya ce ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Mushairib, inda taro ya fi cika.

Injiniya ya iso da ruri da hayaƙi. Baƙi masu tutoci suka yanyame shi suna hoto, shi kuma yana ɗaga hannu a hankali, yana satar kallon Alhaji. Dattijon ya daɗe yana duban motar. Da ƙyar aka cusa shi ciki, gwiwoyinsa a ƙirji, babbar rigarsa na kaɗawa a baya. Duk hanya Injiniya na lacca kan injiniyoyin Ingila, ƙarar inji na cinye ta. Da ya wuce kwanar gida kuma, sai da suruki ya fito suka tura tare. Har suka shiga gida Alhaji shiru, idonsa ya yi ja. Injiniya ya raɗa wa Barira cewa mamaki ne ya kama Baba.

Bayan an ci abinci, Alhaji ya jawo shi gefe, ya dafa kafaɗarsa, abin da bai taɓa yi ba.

"Nasidi, yau ka burge ni," ya ce. "Korona ta taɓa kowa. Wani in aiki ya kuɓuce masa sai ya kwanta, kai kuwa ka cire girman kai ka kama adaidaita sahu don ka riƙe 'yata. Allah Ya yi maka albarka."

Injiniya ya buɗe baki, Ingila gaba ɗaya ta tsaya masa a maƙogwaro. Kafin ya haɗa kalma, Alhaji ya ce kada ya ji nauyi, ai tuni ya aika wa dangi hotonsa a cikin motar don a taya shi da addu'a.

Kashegari wayarsa ta cika da jaje. Na ƙarshe daga Sagiru ne, ƙanen Barira mai jan adaidaita a Gusau. Ya yi gaisuwa cikin ladabi, sannan ya tambayi abokin sana'a ko layinsu na Doha yana ɗaukar sababbi.